Teburin Tarba da Yatsun 'Ya'yanmu: Abin da Muka Koyo a Sharada, Challawa da Bompai

Wataƙila wani zai yi mamakin ganin zancen zarto da katako a wannan fili da aka saba karanta wa'azi da labaran ikilisiya. To, a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe, domin abin da ya kawo wannan magana ya faru ne a cikin gidanmu, kuma da hannunmu a ciki.

Bara, ana saura mako uku Kirsimeti, Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ta tara kuɗi domin a yi wa ajin Makarantar Lahadi kabad na ajiye littattafai, a kuma sabunta mumbari. Kwamitin gini ya je 'Yan Katako da ke Na'ibawa ya sayo fallayen filawud, aka kai wa wani shagon kafinta inda wani saurayi daga ƙungiyar mawaƙanmu yake koyon aiki. Shi ne mai kaɗa mana jita ran Lahadi. Mu kuwa 'yan kwamiti kullum muna aika saƙo cewa lallai a gama kafin ranar biki.

Ran nan maigidan shagon ya fita, sai saurayin da wani ƙaramin yaro suka ɗora falle guda a kan injin zarto. Teburin injin ɗan ƙarami ne, babu komai a bayansa sai yaron da ke tsaye yana jiran katako. Da fallen ya wuce rabi sai ya rinjaya ƙasa, yaron ya ji tsoro ya jawo shi, shi kuma saurayin ya danna da hannun hagu kusa da faifan zarto don kada ya ɗaga. Kafin ƙiftawar ido injin ya yi harbi. Yatsu biyu suka tafi. An ceci sauran hannun a asibiti, mun gode wa Allah, amma har yau jitar tana rataye a ɗakin ajiya.

Da muka je duba shi, bai zargi kowa ba. Mu ne muka fito muna zargin kanmu. Wannan ya sa muka roƙi wani dattijon ikilisiya, wanda ya yi shekaru masu yawa yana aikin injin katako a Sharada kafin ya huta, ya zaga da mu mu ga yadda masu sana'ar na sosai suke yi. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Unguwannin Masana'antu

Duk wanda ya san Kano ya san waɗannan wurare uku. Bompai ita ce babbar yaya, domin tun zamanin Turawa aka keɓe ta don masana'antu, kusa da layin dogo. Sharada, mai kashi na ɗaya da na biyu da na uku, da kuma Challawa da ke kusa da kogin da ta ci sunansa, sun bunƙasa ne bayan samun 'yancin kai, musamman a shekarun 1970 lokacin da kuɗin man fetur ya shigo. An san Challawa da masana'antun jima. Iyayenmu da yawa da suka zo daga Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Borno, aiki a waɗannan masana'antu ne ya kawo su, kuma da albashinsu aka gina majami'u da yawa a Sabon Gari da Badawa da Brigade.

Daga 1986, lokacin da gwamnati ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP, ga kuma matsalar wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha, masana'antu da dama suka rufe. Ma'aikatan da aka sallama suka watsu cikin gari, wasu suka buɗe ƙananan shaguna. A nan ne matsalar take: injin ya fito daga masana'anta ya shiga unguwa, amma ƙa'idodin da ke tare da shi ba duka suka biyo shi ba. Sau da yawa abin da ake kira injin zarto a unguwa, mota ce ta lantarki da aka ɗaure a ƙarƙashin tebur, mai walda ya haɗa, faifai ya leƙo sama, shi ke nan.

Shi Kansa Fallen

A da, kafinta da falanki yake aiki, mai faɗin ƙafa ɗaya ko ƙasa da haka. Filawud ya samu gindin zama a ƙasar nan ne tun da kamfanin AT&P, wanda reshe ne na UAC, ya kafa masana'antarsa a Sapele a ƙarshen shekarun 1940. Yanzu kuwa yawancin fallayen da ke kasuwa daga waje suke zuwa, musamman daga ƙasar Sin, kuma ban da filawud akwai MDF, wanda garin katako ne aka matse da gam.

Girman falle ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, wato milimita 1,220 da 2,440. Mai kaurin milimita 18, wanda kafintoci ke kira inci uku bisa huɗu, nauyinsa yakan kai kilo 25 zuwa 35 idan filawud ne, MDF kuwa yakan kai wajen kilo 40. A ɗaya gefen kuma, faifan zarto mai inci 10 yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti guda. Idan aka lissafa, haƙoransa suna gudun da ya wuce kilomita 140 a awa. Wato abu mai nauyi da faɗi da lanƙwasa ne ake turawa kan abin da ya fi motar haya gudu, kuma yatsun mutum suna tsakani.

Dattijon ya nuna mana abin da ke faruwa da ɗan allo a bakin benci. Muddin fiye da rabin allon yana kan benci, yana zaune lafiya. Da zarar rabinsa ya wuce baki, sai ya tuntsura. Haka fallen yake. Idan ana tsaga shi a tsawonsa, da zarar fiye da ƙafa 4 sun wuce bakin teburin injin babu abin da ya tallafe su, sai gaban ya yi ƙasa, bayan ya ɗaga. Mai turawa dole ya danna da ƙarfi, kuma a daidai lokacin da hannunsa ya fi kusa da faifai. Gefen fallen yakan bar jikin ƙarfen jagora, yankan ya karkace. Mafi muni, haƙoran da ke bayan faifai sama suke tasowa. Idan katako ya matse su ko ya hau kansu, sai su ɗauke shi su wurgo wa mai aiki, su jawo hannunsa kan faifai. Wannan shi ne harbin inji, kuma shi ne ya sami ɗanmu.

Teburin Tarba

A wata babbar ma'aikatar kujeru da muka shiga, mun ga injin da ke da teburi mai zamewa a gefensa. Ana ɗora fallen gaba ɗaya a kai, a tura teburin, katako bai motsa daga wurinsa ba. Wani Bajamushe, Wilhelm Altendorf, shi ya ƙirƙiro irinsa a 1906. Amma kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin kafinta. Abin da ya faranta mana rai shi ne, a wasu ƙananan shaguna da ke gefen Sharada da Bompai mun ga magani mai sauƙi: tebur na katako kawai, an jingina shi a bayan inji, domin ya tarbi fallen yayin da yake fitowa. Da falle ɗaya da guntayen katako ake yin sa, cikin yini guda.

Ga ƙa'idodinsa kamar yadda aka bayyana mana. Na farko, tsayinsa. Kada ya kuskura ya fi teburin inji tsawo ko da kaurin farce, domin bakin fallen zai yi karo da shi ya tsaya ana cikin yanka. A bar shi ƙasa kaɗan, kamar milimita 2 ko 3. Ana gwadawa da miƙaƙƙen katako da aka shimfiɗa daga kan inji zuwa kansa. Tun da daɓen shagunanmu ba safai yake daidai ba, a sa masa ƙafafu masu noti da za a iya ɗagawa ko saukewa, ko a cusa 'yan guntaye a ƙasa a kafe su.

Na biyu, tsawonsa. Daga bayan faifai zuwa ƙarshen tebur kada ya gaza ƙafa 4, domin a lokacin da yanka ya ƙare, rabin fallen yana zaune daram. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ma mita 1.2 ta gindaya a duk inda aka sa mutum na biyu yana karɓar katako a baya, don hannunsa kada ya kai ga faifai. Na uku, faɗinsa ya isa ya ɗauki ɓangarorin biyu, wanda ake so da wanda ya rage. Na huɗu, samansa ya zama mai santsi. A goga masa kyandir, kuma kada a mai da shi wurin ajiye guduma da kwanon abinci. Na biyar, a ɗaure shi da inji ko a kafe shi, kada ya gusa.

Wasu suna amfani da ƙafa mai nadi, wato ƙarfe mai juyawa. Dattijon ya ce yana da amfani ga dogon falanki, amma idan bai daidaita sosai da layin faifai ba, yakan ja fallen gefe, ya raba shi da jagora. Shimfiɗaɗɗen tebur ya fi aminci. Haka kuma idan fallen zai zarce gefen hagu na inji da yawa, a sa wani benci a can. A tuna kuma cewa tsaga falle mai ƙafa 8 yana bukatar fili ƙafa 8 a gaba da ƙafa 8 a baya. Wanda shagonsa bai kai haka ba, ya fito da aikin waje.

Awo Kafin Yanka

Tallafi kaɗai ba ya sa yanka ya miƙe. Kafin a taɓa faifai, a cire wayar inji daga wuta tukuna. Sai a yi wa haƙori ɗaya alama, a auna daga shi zuwa ƙarfen jagora ta gaba, a juya faifan har wannan haƙori ya koma baya, a sake aunawa. Awon biyu su zo ɗaya. Idan bayan ya fi matsewa, katako zai shaƙe tsakanin faifai da jagora, ya ƙone, ya jawo harbi.

Faifan ma iri-iri ne. Mai haƙora 24 na tsaga falanki ne. Idan aka sa wa filawud sai ya yayyage fuskarsa. Mai haƙora 60 zuwa 80 shi ya dace da fallaye. A ɗaga shi har haƙoran su leƙo kaɗan bisa katako, ba ya tsaya tsololo ba. Kyakkyawar fuskar fallen ta dubi sama, domin haƙora daga sama suke shiga, ɓarnar kuma ta ƙasa take fita. Dakusasshen faifai kuwa shi ke sa mutum ya yi ta turawa da ƙarfi, ƙarfin nan kuma shi ke kai hannu inda bai kamata ba.

Akwai wani lissafi da ya kamata kwamitocin gini su sani. Duk yanka ɗaya, zarto yana cinye kimanin milimita 3 ya mai da su gari. Wanda ya ce a fitar masa da tsagi huɗu masu faɗin milimita 305 daga falle mai 1,220, ya manta da rabon zarto. Yanka uku za su ci milimita 9, na ƙarshen ya fito 296. Idan ana son su zo daidai, sai a yi su 302. Saboda haka a zana dukan yankan a takarda tun kafin a je kasuwa, a san fallaye nawa ake bukata. Kuɗin baiko gumin gwauraye ne da masu sayar da ƙosai, bai kamata ya zama tarkace a bayan shago ba.

Don a tabbatar kusurwa ta tsaya daidai, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a sake auna ɗaya gicciyen. Idan sun zo ɗaya, aiki ya yi. Ko kuma a auna santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗaya gefen, tsakaninsu ya ba da 100. Gefen da aka yanko daga masana'anta shi ake jinginawa da jagora, bayan an duba bai sami rauni wajen lodi ba. A lokacin hunturu kuma, fallen da aka jingina a bango yakan bushe ta fuska ɗaya ya lanƙwashe, don haka a kwantar da su a shimfiɗe.

Idan fallen ya fi ƙarfin inji ko na mai aiki, babu kunya a rage shi tukuna. A kwantar da shi a kan katakai a ƙasa, a maƙala miƙaƙƙen katako ya zama jagora, a raba shi da zarton hannu mai lantarki, a bar rarar santimita ɗaya, sannan a kai kan tebur a gyara. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai Turawa da Mai Karɓa

Mai turawa ya tsaya a kusurwar hagu ta baya, ba a saitin faifai ba. Hannun dama yana turawa gaba, na hagu yana jingina fallen da jagora, idonsa kuma a kan inda katako ya haɗu da jagora. Tafiyar ta zama ɗaya, ba tsaye-tsaye. Idan tsagin siriri ne, ko an zo ƙafa ɗaya ta ƙarshe, a yi amfani da sandar turawa. In zarto ya ci sanda, gobe a sassaƙa wata. Kada a miƙa hannu ta saman faifai, kada a kwashe guntaye yana juyawa. Riga mai faɗin hannu, safar hannu, da sarƙar gicciye mai lilo a wuya, duk a tuɓe su. A rufe ido da tabarau, a rufe hanci, domin tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo.

Mai karɓa kuwa, aikinsa tallafi ne kawai. Ba ya ja, ba ya juya katako, ba ya matse tsagin da zarto ya buɗe. Mai turawa shi ke da iko da tafiyar. Da muka ji haka sai muka tuna da Fitowa sura 17, inda Isra'ilawa suke yaƙi da Amalekawa a Refidim, hannuwan Musa suka gaji. Haruna da Hur ba su ƙwace sandan ba, ba su kuma ja Musa zuwa inda suke so ba. Dutse suka kawo ya zauna, suka tallafi hannuwansa har faɗuwar rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu na biyu ma sai ya san aikinsa. Akwai darasi a nan ga dattawa da masu taimakon fasto, wanda ya wuce zancen katako.

Wani haɗari kuma namu ne na gida. Ana cikin yanka sai a ɗauke wuta, a bar makunni a kunne, yaro ya sa hannu yana ciro katako, sai wuta ta dawo. Tun zamanin NEPA har zuwa KEDCO da ta karɓi rarraba wuta a Kano a 2013, wannan bai canza ba. Akwai makunni mai maganaɗisu wanda yake kashe kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya tashi sai an sake dannawa. Kowane inji ya kamata a sa masa. Kafin a samu, doka ta farko idan wuta ta tafi ita ce a kashe makunni.

Hakkin da Ke Wuyanmu

A bayan faifai akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke hana tsagi rufewa, a samansa kuma akwai murfi. Shaguna da yawa sun cire su wai suna rage sauri. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Amma mu masu bi muna da dokar da ta riga waɗannan. A Kubawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da katanga, don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau kansa. Maigidan da ya cire murfin zarto ya sa ɗan wani a gabansa, ya auna kansa da wannan aya.

Ko a Amurka, inda kaya suke a wadace, ana ƙiyasta mutane kimanin 30,000 ne irin wannan inji ke kaiwa asibiti kowace shekara. Wannan ya sa wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro injin SawStop a 1999, wanda ke tsayar da faifai da zarar ya taɓa fatar mutum. Mu ba mu da kuɗinsa, amma muna da kuɗin tebur da sanda da makunni. Rigakafi ya fi magani.

Sana'ar nan mai daraja ce. Da kafinta mutanen Nazarat suka san Ubangijinmu, kamar yadda Markus 6:3 ya nuna, kuma a gidan Yusufu kafinta ya girma. Bezalel da Oholiyab, Allah ne ya cika su da hikimar aikin hannu, har katakan alfarwa ma da awonsu aka ba Musa, kamu 10 a tsawo, kamu ɗaya da rabi a faɗi. Allahn da ya damu da awon katako bai manta da yatsun mai yanka shi ba.

Saboda haka muna roƙo. Iyaye, kafin ku miƙa yaro koyon aiki, ku je shagon da kanku ku leƙa bayan inji. In ba ku ga tebur ba, ku tambaya. Masu shaguna 'yan'uwanmu, kada ku bar ɗan koyo da inji ba babba a kusa. Kwamitocin gini, ku ba da aiki da wuri, ku daina tsaya wa kafinta a wuya saboda ranar biki. Wannan laifin mun aikata shi, mun kuma nemi gafara. Ƙungiyoyin matasa, ku gayyaci tsofaffin ma'aikatan Bompai da Sharada da Challawa da ke zaune a bencinku ran Lahadi, su koya muku abin da suka sani tun suna tare da mu.

A namu ɓangaren, ikilisiya ta biya kuɗin magani, Zumuntar Maza kuma ta sayi falle ɗaya ta kai shagon nan. Dattijon ya tsaya aka haɗa teburin tarba, saurayin da kansa ya riƙe awo. An gama kabad ɗin a watan Fabrairu, babu wanda ya mutu don bai samu a Kirsimeti ba. Ɗan namu ya koma aiki, kuma yanzu yana rera waƙa a sahun baya na mawaƙa.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya kiyaye fitarku da shigarku. Amin.